Ajin Sizyam da Ke Zubewa Kafin Bazara: Nazarin Wata Kwalejin Gwamnati a Jihar Damagaram

Asalin makarantar

Makarantar kwalejin gwamnati ce, irin wadda ake kira CEG, a wani ƙaramin gari da ke kudancin jihar Damagaram a Jamhuriyar Nijar, tsakanin birnin Zinder da iyakar Najeriya. Garin yana da kasuwar mako-mako da ɗan asibiti da fadar sarki, kuma ƙauyukan da ke kewaye da shi nan suke turo yaran da suka gama firamare. An sakaya sunan garin da na mutanensa.

An buɗe ta zamanin Seyni Kountché, wanda ya riƙe ƙasa daga 1974 zuwa 1987. Da azuzuwa huɗu na siminti ta fara, kowane mataki aji ɗaya: sizyam, wato shekarar farko bayan firamare, sankyam, katiryam da turwazyam, ta ƙarshe, sai ofishin darakta da ɗakin ajiya. A wancan lokaci shiga kwaleji sai an sha wuya. Sai yaro ya ci jarrabawar ƙarshen firamare kuma ya samu gurbi, har ƙauye kan yi shekara bai tura kowa ba. Wanda ya samu kuwa, mai gari da kansa ke rako shi, ya damƙa shi hannun wani attajiri ko malamin zaure, ya ce, "Alhaji, ga amana." Gwamnati na bai wa irin waɗannan yara ɗan alawus, wanda galibi a tukunyar gidan da suka sauka yake ƙarewa, kuma ba wanda ke ganin laifin haka.

Wanda ya ci BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, bayan shekara huɗu sai ya nufi Zinder, ko dai Lise Amadou Kouran Daga, wato babbar sakandare, ya bi sashen A ko C ko D har bakaloreya, jarrabawar gama ta, ko makarantar horon malamai ta Askia Mohamed. Kwalejin ba ta fitar da shugaban ƙasa irin Mahamane Ousmane ko masanin tarihi irin André Salifou ba, waɗanda birnin Zinder ke tinƙaho da su. Amma ta fitar da likitan tiyata, da babban jami'in duwan, wato kwastam, da malamin jami'a, da ɗan majalisa guda, da ungozomomi da malaman firamare masu yawa. Sunayensu duk suna cikin babban rajistan shiga, littafi mai baƙin bango da ke ɗakin ajiya.

2014 zuwa 2017: benci ya fara zama wayam

Shirin shekara goma na bunƙasa ilimi da aka fara a 2003 ya kai firamare ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Daga baya aka dakatar da CFEPD, jarrabawar ƙarshen firamare, na kusan shekara 10, aka koma wuce da yara bisa makin da suka samu a cikin shekara. Abubuwan nan biyu suka haɗu suka tunkuɗo yara kwaleji. Sizyam da ke aji ɗaya ta koma huɗu, gini kuwa yana nan yadda yake. Sai aka bar wa manyan azuzuwa ɗakunan siminti, aka zuba ƴan sizyam a rumfunan kara da zana.

Rumfa tana da nata kalandar, ba ruwanta da ta ma'aikatar ilimi. Ana komawa makaranta farkon Oktoba, amma kara ba ya samuwa sai an gama girbin hatsi, zana kuma sai an yanko gamba ta bushe an saƙa. Kafin iyaye su tara kara, a kafa dirkoki, a ɗaure, Nuwamba ta yi nisa. A ɗaya ƙarshen kuma, iskar ruwan farko a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni takan kwashe rumfar ɗungurungum. Ɗan sizyam ke nan ya yi asarar mako biyar ko shida a gaba, da wasu makonni a baya, a shekarar da ya fi bukatar malami.

A Nuwamba mutum huɗu ke matsuwa a bencin mutum uku, wasu a ƙasa kan buhu. Zuwa Fabrairu kowa ya samu wurin zama. Zuwa Afrilu sai a haɗe azuzuwan huɗu su koma uku, malamai har suna jin daɗin sauƙin gyaran takardu. Ba wanda ya rubuta wannan a matsayin matsala, domin rahoton ƙarshen shekara gurbi uku gare shi: wanda ya wuce, wanda zai maimaita, wanda aka kora. Yaron da ya daina zuwa tun Janairu ba shi da maki, saboda haka sai ya faɗa gurbin korarru tare da wanda ya zauna har Yuni bai ci ba.

2017 zuwa 2018: tsanani da darasin yamma

Abin da hukumar makaranta ta fara ɗauka shi ne lalaci ne da rashin tarbiyya. Aka rufe ƙofa da ƙarfe 8 daidai. Wanda ya makara shara ko ɗibar ruwa, wanda ya yi fashin kwana uku sai ya zo da mahaifinsa. Makara ta ragu a wajen ƴan cikin gari. Yaran ƙauye kuma abin ya zame musu gudun gara faɗawa gidan zago. Yaro yana tafiyar kilomita 4 a awa, to wanda ƙauyensu ke kilomita 8 sai ya fito da ƙarfe 6, cikin duhu da sanyin hunturu. In ya ga rana ta ɗaga ya san an rufe ƙofa, sai ya yi zamansa a gindin gawo har lokacin tashi ya koma gida. Batun kawo uba kuwa, uban yana ci-rani a Kano ko Libiya. Fashin kwana uku sai ya zama na har abada.

Mataki na biyu darasin yamma ne na kuɗi, a Faransanci da lissafi, tunda su ne masu nauyi wajen fitar da matsakaicin maki, kuma sai da 10 bisa 20 ake wucewa. Malaman, waɗanda yawancinsu ƴan kwantaragi ne da albashinsu kan yi jinkiri, sun karɓi abin hannu bibbiyu. Waɗanda suka yi rajista ƴaƴan ma'aikata ne da ƴan kasuwa, wato masu wucewa ko ba darasin. Yaron da zai kama hanyar ƙauye da azahar, ko wanda ke jiran a sammasa tuwon dare a gidan mutane, bai taɓa leƙawa ba.

2018 zuwa 2019: tsofaffin ɗalibai sun shigo

Wani tsohon ɗalibi da ya zo gida sallah ya ga rumfunan, ya ɗauki hoto ya sa a WhatsApp. Cikin ƴan makonni aka buɗe zaure na tsofaffin ɗalibai, aka naɗa shugabanni, yawancinsu mazauna Yamai da Zinder. Don a san su wane ne ƴan ƙungiya sai aka ɗauko baƙin rajistan. Gara ta cinye gefen shafukan farko, amma lambobin shiga da sunaye da ƙauyukan asali sun tsira. Aka kwafe sunan duk wanda aka rubuta wa ya ci BEPC. Sauran, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, aka tsallake su.

Kuɗi ya taru, kuma ba a ci ko dala ba. Aka kewaye makarantar da katanga, aka sa ƙofar ƙarfe da allon suna, aka kawo kwamfutoci da kwalayen littattafai, aka yi biki da jawabai, aka raba kyauta ga na ɗaya zuwa na uku a kowane aji. Katangar ta yi amfani: awaki sun daina cin zana, amalanke ta daina ratsa fili ranar kasuwa. Kwamfutocin kuwa ba wutar da za ta riƙe su, ba malamin da aka ware musu awa a jadawali, ƙurar hunturu kuma ta shige su ta tagar da ba gilashi. Littattafan adabi ne na ƴan lise. Aka kulle su a kabad don kada su ɓata, mabuɗin yana aljihun mutum ɗaya.

A Afrilun shekarar aka sake haɗe sizyam ta koma uku.

Maris zuwa Yuni 2020: ƙidayar da aka yi da makaranta a rufe

Ranar 20 ga Maris 2020 aka rufe makarantun ƙasar saboda annobar korona, ba a buɗe ba sai 1 ga Yuni. A wannan tsakanin mai kula da ladabtarwa da wani tsohon malami mai ritaya suka zauna da littattafan kiran suna na shekara uku. Suka ja layi shida a takarda: sunan yaro, ƙauyensu, nisansa da makaranta, inda yake kwana, wanda ke ciyar da shi, da ranar ƙarshe da aka gan shi a aji. Layi na huɗu da na biyar ba sa cikin kowace takardar makaranta, sai da aka bi gida-gida ana tambayar abokan ajinsu.

Takardar ta nuna cewa ƴan cikin gari kaɗan ne ke ɓacewa. Masu zubewa yaran ƙauye ne, kuma iri biyu ne. Akwai masu zuwa da ƙafa kullum, su sanyin Disamba da Janairu ke kayarwa. Akwai masu kwana a gari, su kuma daga Fabrairu zuwa Afrilu suke tafiya, lokacin da ɗan hatsin da suka zo da shi ya ƙare, rumbun mai masauki ma ya fara ƙasa. Ba korarsu ake yi da baki ba. Kwanon yaro ne ke raguwa, aikinsa na ƙaruwa. A ƙasar da ruwa ke wuya kamar Damagaram, baƙon yaro shi ke bin layin famfo da asuba, in yarinya ce kuma ga surfe ga talla. Wata Juma'a sai ya tafi gida ɗauko guzuri, shi ke nan.

Da aka je ƙauyukan, amsar iyaye kusan iri ɗaya ce: "Mushe, ba ƙin karatu ya yi ba, wurin zama ne babu." Tsohon tsarin amana ya yi aiki ne lokacin da yaran ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Yanzu sun yi wa gidajen attajiran garin yawa, alawus kuma ba abin da mai masauki zai dogara da shi ba ne.

Ƙidayar ta tono wani abu kuma. Da aka dawo a Yuni aka ba ƴan sizyam da suka rage ɗan rubutu na matakin tsakiyar firamare su karanta da ƙarfi na minti ɗaya. Da yawa sun kasa haɗa baƙi da wasali. Suna kwafe duk abin da ke allo da kyakkyawan rubutu, kamar mai zanen hula, ba su san me ya ce ba.

2020 zuwa 2021: gidan haya

Maganin da ya fara zuwa a rai shi ne a kama wa yaran gida. Ƙungiyar ta biya hayar wani gida mai ɗaki uku a bakin gari, aka zuba samari, aka ba su tabarmi da tukwane da buhunan hatsi. Ba babba a gidan. Yara masu shekara 12 zuwa 14 ba su iya surfe da tuƙa tuwo ba, saboda haka suka riƙa kai hatsin kasuwa suna sayen ƙosai da garin rogo. Manyan cikinsu suka mallake ɗaki mai ƙofa. Maƙwabta suka kai ƙara fada kan hayaniya da ɓatan kaji. Kafin azumi aka rufe gidan. Ƴan mata dama ba a sa su a lissafin ba, domin ba uban da zai yarda.

Nuwamba 2021: rumfunan

Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba aka sake yin irinta a Maraɗi, aka rasa aƙalla 25. Bayan ta Maraɗi iyaye mata suka ce ƴaƴansu ba za su ƙara zama cikin kara ba. Kuɗin ƙungiyar ba zai gina ajin siminti huɗu ba, sai aka tsaya kan rumfar ƙarfe: faɗin aji na ƙa'ida, mita 9 a kan 7, ginshiƙan ƙarfe da aka dasa cikin kankare, rufin kwano, da katangar bulon ƙasa iya ƙirji, wadda mutanen gari suka buga da aikin gayya.

Ta farko ba ta kai labari ba. An kafa kwanon da ƙusa a kan katako, aka bar gefen gabas a buɗe don iska ta shiga. A ƙasar nan kuwa hadari daga gabas yake tasowa. Iskar farkon damina ta shiga ƙarƙashin rufin ta ɗaga shi kamar faifai ta jefar bayan katanga. A sauran ukun aka gyara: bangon gabas ya kai har sama, kwanon aka ɗaure shi da ƙugiyoyi a jikin ƙarfe maimakon ƙusa, rufin aka ɗaga shi ya haura mita 3 don zafin Afrilu, aka bar ƙofa biyu a kowace rumfa. Katakon da ya rage a jikin allo da benci aka shafe shi da baƙin mai saboda gara. Bulon ƙasa yana son yaɓe duk shekara kafin ruwa, an sa wannan a wuyan kwamitin kula da makaranta, wato COGES.

Daga Oktoban 2022 ƴan sizyam suka fara darasi rana ɗaya da ƴan turwazyam.

2021 zuwa 2023: masauki da hatsi

A 2021 gwamnati ta buɗe gidan kwanan ɗalibai mata a Kelle, cikin gundumar Gure, mutanen garin nan ma suka sa rai. Da aka ga layin yana da tsawo, sai aka koma kan abin da ke hannu.

Wata tela, wadda ta bar makarantar daga katiryam aka yi mata aure, ita ta tambayi dalilin da ya sa ba a kiran irinsu taro, alhali su ma sun zauna a bencin. Aka sake buɗe baƙin rajistan, wannan karon aka kwafe kowa, ko shekara ɗaya ya yi. Sai ga direbobi, da mahauta, da masu shago, da matan aure, da limamin wata unguwa, kuma kusan dukansu suna cikin garin, da gidajensu da matansu da tukwanensu. Da yawansu ma rashin masauki ne ya fitar da su. A cikinsu aka samu gidajen da za su karɓi yara.

Lissafin hatsin ba shi da wuya. Yaro yana cin kimanin rabin kilo a rana. Tiya ɗaya kilo 2 da rabi ce, wato abincin kwana biyar na makaranta, in yana komawa gida Asabar da Lahadi. Shekarar karatu, in an cire hutu, mako 35 ce ko kusa da haka, tiya 35 ke nan. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. Saboda haka kowane yaro buhu ɗaya a shekara, tiya 5 da suka rage su rufe ɓarnar ɓera da ƙwari da kuma yaran nesa da ba sa zuwa gida duk mako. Aka raba nauyin biyu: uba ya kawo tiya 20 da kaka, ƙungiya ta sayi 20. Sayen kuma a Oktoba da Nuwamba ake yinsa, lokacin da hatsi ke araha a kasuwa. Shekarar da aka yi jinkiri har Maris, kuɗin buhu uku bai fi ya sayi biyu da ɗan kai ba. Wanda ba shi da hatsi yana iya kawo wake, amma wake sai a buhu mai leda biyu a ciki, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, in ba haka ba ƙwari su mai da shi gari kafin Janairu.

Wajen rabon ne aka yi tuntuɓe sau biyu. Da farko aka kai wa mai gida buhun gaba ɗaya. Buhu a zaure kuwa na gida ne: an yi suna, an yi baƙi, an biya bashi, zuwa Janairu ba komai, yaro ya koma cin arziki. Sai aka koma ba yaran a hannu, su kuma suka kai kasuwa. Tsarin da ya zauna shi ne tiya 2 duk mako biyu, ranar Litinin, a hannun uwar gida, ta dangwala yatsa a littafi, tare da ɗan kuɗin niƙa da na miya daga asusun ƙungiya. Ɗakin ajiyar yana da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wurin ma'ajin COGES, ɗaya wurin shugabar iyaye mata, ba mai buɗewa shi kaɗai. Buhunan a kan itace suke, taƙi ɗaya daga ƙasa, ba sa jingina da bango.

Sharuɗɗan masauki a gaban sarki aka faɗe su, da baki, gaban shaidu, domin takarda ba ta da wannan nauyin a garin. Gida ɗaya kada ya wuce yara uku. Yarinya sai gidan da ke da dattijuwa. Yaro zai yi aikin gida kamar ɗan gida, amma ɗibar ruwa da yamma ce, ba da asuba ba, kuma ba talla ranar makaranta. Kowane gida an ba shi fitila mai cajin rana ɗaya. Iyaye mata biyu suna zagayawa sau ɗaya a wata, kuma ba a gaban masu gida suke tambayar yaro ba, a hanyar makaranta suke tare shi. Da aka samu gidan da ya mai da ƴan mata biyu ƴan aiki, ba a yi shela ba. Sarki ya aika aka kira mai gidan, aka ce masa an samu dangin yaran a wata unguwa, aka ɗauke su a ranar.

Masu zuwa da ƙafa daga ƙauyukan da ba su wuce kilomita 5 ba an bar su a gidajensu, sai dai an daina rufe musu ƙofa. Wanda ya makara ya shiga a awa ta biyu.

Gyaran karatu

A makon farko na Oktoba ake gwada kowane ɗan sizyam: karatun minti ɗaya da ƙarfi, shifta layi biyar, da lissafi huɗu, tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa. Malami biyu suna gama aji ɗaya a yini biyu. Shekarar farko aka ware waɗanda suka kasa aka yi musu aji na daban, kafin mako ya zagayo yaran gari sun raɗa masa suna ajin jakai, rabinsu suka daina zuwa. Shekara ta biyu sai aka raba kowa da kowa rukuni uku, awa ɗaya ta farko, kwana uku a mako, na tsawon mako takwas, kowane rukuni da aikinsa, kuma duk mako biyu ana sake gwaji mai ƙoƙari ya hau gaba. Rukunin ƙasa daga baƙi da wasali suke farawa, malamin yana bayani da Hausa. Malaman firamare biyu masu ritaya, dukansu tsofaffin ɗaliban makarantar, su suka riƙe wannan rukunin, domin malamin kwaleji an koya masa koyar da nahawu da adabi ne, ba a koya masa yadda ake buɗe wa yaro baki a karatu ba.

Awannin daga jadawalin Faransanci aka ciro su, abin da ya sa manhajar sizyam ba ta ƙarewa. Wasu malamai har yanzu suna ƙorafi a kai.

2023 zuwa 2025: inda aka tsaya

A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 azuzuwan sizyam huɗu sun kai Yuni suna huɗu. Shekarar da ta biyo sai da aka ƙara aji a sankyam. Sakamakon BEPC bai motsa ba a waɗannan shekaru, tunda masu zana ta sun wuce sizyam kafin a fara komai.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka da Najeriya na tsawon watanni, darajar naira kuma ta faɗi. Gudummawar tsofaffin ɗaliban da ke kasuwanci a Kano, in an canza ta zuwa sefa, ta zama ba ta taka kara ta karya ba. A kakar shekarar ƙungiya ba ta iya cika nata rabin ba, aka rage rabo zuwa tiya ɗaya da rabi daga Maris. Wasu gidajen suka cike gurbin daga rumbunsu, gida biyu suka maido da yaran. A 2024 aka dawo da jarrabawar CFEPD, abin da ya sa masu shigowa sizyam suka ɗan ragu, rukunin ƙasa na gyaran karatu ma ya ragu, amma bai ƙare ba.

Hukunci

Tsanani da darasin yamma sun faɗi ne saboda an yi su kafin a san wane yaro ne ke tafiya. Rahoton da ke haɗa wanda ya gudu da wanda ya faɗi a gurbi ɗaya ya ɓoye matsalar shekara da shekaru, kuma takarda mai layi shida da ta tono ta ba ta ci ko jika ɗaya ba. Da ita ya kamata a fara tun 2015.

Gudummawar manyan tsofaffin ɗalibai ba a banza ta tafi ba, su suka sayi ƙarfe da kwano da rabin hatsi. Kuskurensu na farko shi ne sun sayi abin da suka ga makarantun birni na da shi, domin makarantar da suke tunawa ta zamaninsu ce, mai aji huɗu da amana. Kuma da suka tsallake sunan duk wanda bai ci BEPC ba, sun tsallake mutanen da ke da abin da kuɗi daga Yamai ba ya saye, wato ɗaki da murhu da babbar mace a gida. Gidan haya ya nuna haka: hatsi iri ɗaya, yawa ɗaya, amma ba mai dafawa ba mai tsawatarwa.

Cikin matakai ukun da suka yi aiki, rumfar ƙarfe ce mai tabbas, an yi ta an gama, sai yaɓe. Gyaran karatu yana rataye ne a wuyan tsofaffi biyu da ba a biyansu, kuma ba a horar da wanda zai gaje su ba. Tsarin hatsi shi ya fi riƙe yara, shi ne kuma ya fi rauni, domin rabinsa na jiran damina, rabinsa na jiran aljihun mutanen da ke nesa, ba a kuma taɓa gwada shi a shekarar fari sosai ba. Ajiyar buhun da zai kai wata biyu, wadda ba a taɓawa sai dole, ita ce abin da ya rage a yi, har yanzu ba a yi ba.

Ƴan mata kuwa matsalarsu gaba ta matsa. Suna gama sizyam da sankyam yanzu, amma a katiryam, suna da shekara 14 ko 15, ake zuwa ɗaukarsu aure. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a Disamban 2017 don kare karatun ƴaƴa mata tana nan a rubuce, sai dai uwar gidan da ke riƙon yarinya ba ta da bakin hana uba ɗaukar ƴarsa. Yaran da aka riƙe kuma sun iso manyan azuzuwa sun tarar da malamin kimiyya ɗaya tal, wanda ke zagaya katiryam da turwazyam duka, kuma ya riga ya nemi a mai da shi Zinder.